Tsohon Injin Wanki: Tsohuwar Zuma Ce Ko Kyan Ɗan Maciji?

    Wadda ke tsugune gaban baho tana cuɗa a yanzu haka, sannu da aiki 'yar uwa. Kada ki tashi, ki dai matso da rediyon kusa, don yau zancen naki ne.

Abin da ya jawo maganar tamu ta yau, ɗiyar yayana ce da ke aure a Amurka ta turo mini wasu hotuna ta waya. Hotunan ɗakin wankin wata maƙwabciyarta ne, Baturiya. Ga injin wanki ruwan hoda, kusa da shi ga injin busar da kaya shi ma ruwan hoda, bango ya sha fenti kore-kore, an shimfiɗa wa ƙasa leda mai zanen baƙi da fari, ga ɗan labule mai furanni a taga. Wallahi sai ki ce ɗakin amarya. Na ce mata, wannan sabon yayi ne ya fito? Sai ta kwashe da dariya ta ce, "Gwaggo, ai injin nan ya girmi Baba." Wai ƙirar shekarun 1950 ne. Matar ta yi doguwar tafiya ta sayo shi a wurin wasu da tsohuwarsu ta rasu, ta kai wa mai gyara, ta kashe masa kuɗin da ya isa ta sayi sabo dal.

Abin ya ɗaure mini kai. Mu nan muna fafutukar neman sabo a kwali, su kuma da ke da kamfanonin suna bin gidajen tsofaffi suna neman wanda aka jefar. Ashe ma ba ita kaɗai ba ce. Akwai masu tara irin waɗannan injuna kamar yadda wasu ke tara tsofaffin motoci. A wani ƙaramin gari mai suna Eaton a jihar Colorado, wani tsohon malamin jami'a, Lee Maxwell, ya tara injunan wanki fiye da 1,000, har sunansa ya shiga kundin Guinness a shekarar 2000. To shi ne na ce bari in bi diddigi, in ga me suke gani a jikin tsohon ƙarfe, in kuma akwai abin da za mu tsinta mu ƙaru.

Bari mu fara daga tushe. Kafin zuwan inji, a Amurka da Ingila, ranar Litinin ce ranar wanki, kuma babu ranar da mata suka tsana kamarta. Yawancin gidaje ba famfo. Mace za ta ɗebo ruwa a rijiya ko rafi, ta hura itace, ta tafasa ruwan a ƙatuwar tukunya, ta dafa fararen kaya a ciki, ta dirje su a jikin wani allo mai kaushi, ta ɗauraye, ta sa bula, ta sa sitati, ta matse, sannan ta shanya. Sabulun nasu na toka da kitse ne, mai cin hannu. In lokacin sanyi ne kuwa, kayan daskarewa suke yi a kan igiya su sandare. Talata kuma guga, da dutsen ƙarfe da ake ɗorawa kan murhu. Masu hali sai su ba da wankau, kuma a kudancin Amurka yawancin masu wankau ɗin mata ne baƙar fata. A 1881 matan nan suka yi yajin aiki a birnin Atlanta, har suka kai kusan 3,000, suna neman a ƙara musu kuɗin wanki. Kin ji, ashe ba mu kaɗai muka san zafin cuɗa ba.

Injunan farko na katako ne, da hannu ake juya su. Wajen 1908 wani kamfani a Shikago ya fito da mai amfani da lantarki, sunansa Thor, yana cikin na farko-farko da suka shiga kasuwa sosai. Amma sunan da ya fi zama a bakin mutane shi ne Maytag, wani kamfani a garin Newton na jihar Iowa, wanda da can kayan noma yake ƙerawa, sai a 1907 ya soma yin injin wanki. Tun da yake ƙauyukansu ba wuta, don har tsakiyar shekarun 1930 kusan gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a Amurka, sai a 1915 suka maƙala wa injin wankin ɗan ƙaramin inji mai shan fetur. Na baya-bayansa ma da ƙafa ake taka shi ya tashi, kamar babur. A 1922 kuma suka fito da wanda aka sa wa wani abu mai fukafukai a tsakiyar tukunyar, yana juyawa dama da hagu kamar yadda kike burga miya da maburgi, yana kaɗa ruwan sabulu ya ratsa kaya. Wannan dabara har yau ana amfani da ita.

A saman irin wannan inji akwai abin matse kaya. Kin san injin murza taliya? To kamarsa yake, sai dai babba. Gungume biyu ne na roba suna juyawa, ki zura bakin zane a tsakaninsu, ya fito ta ɗaya gefen a matse. Wannan shi ake kira inji mai matsi, kuma Maytag bai daina ƙera shi ba sai 1983. Har gobe akwai wasu al'umma a can da ake kira Amish, waɗanda ba sa jawo wutar gwamnati gidajensu, da irinsa matansu da yawa ke wanki.

Wanda ke yin komai da kansa, wato ya wanke, ya ɗauraye, ya tsane ruwa ba tare da kin sa hannu ba, a 1937 kamfanin Bendix ya fito da shi. Saboda tsabar jijjigar da yake yi, sai an ɗaure shi da kusoshi a daɓe, in ba haka ba sai ya kama tafiya a ɗaki. Shekara guda bayan nan, a 1938, injin busar da kaya ya shigo kasuwa. Wani mutumin jihar North Dakota ne, J. Ross Moore, ya ƙirƙiro shi saboda azabar shanya cikin ƙanƙara, kamfanin Hamilton kuma ya ƙera. Daga nan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai, daga 1942 zuwa 1945 kamfanonin suka koma ƙera kayan yaƙi. Da aka gama yaƙi, sojoji suka dawo aka shiga aure da gine-gine, sai kasuwar injin wanki ta buɗe. Har akwai sabbin unguwanni, irin su Levittown kusa da New York, inda ake sayar da gida da injin wankinsa a kafe a kicin.

To a nan ne zancen kala ya shigo, kuma ina so ki buɗe kunne da kyau. Da can injin wanki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake ajiye shi, wuri mai duhu da danshi, ba wanda ke leƙawa sai uwargida. Fari ne ko ruwan toka, ba ruwan kowa da kyansa. Da aka soma hawo da shi sama kusa da kicin, inda baƙi za su gani, sai ya zama kayan ado. A tsakiyar shekarun 1950 manyan kamfanoni irin su General Electric da Frigidaire suka soma yin firji da murhu da injin wanki masu launi, ruwan hoda, ruwan ƙwai, da wani shuɗi mai sirkin kore. Ruwan hoda ya samu karɓuwa ne musamman saboda matar shugaban ƙasarsu na lokacin, Mamie Eisenhower, wadda ta sa doguwar riga ruwan hoda a bikin rantsar da mijinta a 1953, kuma kowa ya san launin da take so ke nan. A shekarun 1960 sai aka koma ruwan tagulla. Daga nan aka shiga yayin kore irin na cikin fiya, da wani ruwan ɗorawa mai duhu kamar hatsin da ya nuna a gona, waɗannan biyun su suka mamaye shekarun 1970. Da shekarun 1980 suka zo sai kowa ya ce kai, wannan kore ai ƙauyanci ne, aka koma ruwan madara da fari, daga baya kuma ruwan azurfa.

Kin lura da abin da ke faruwa? Duk bayan 'yan shekaru sai a sauya launi. Injinki lafiyarsa ƙalau, yana wanki tas, amma duk wadda ta shigo gidanki da ta kalle shi ta san shekarar da kika saya. Wannan ba haka kawai ya faru ba. Kamfanin Frigidaire a wancan zamani mallakar General Motors ne, masu ƙera motoci, waɗanda suka ƙware wajen sauya fasalin mota kowace shekara don ta bara ta zama tsohon yayi. Akwai kuma wani gwanin zayyana kayan masana'antu mai suna Brooks Stevens, shi ne ma ya sa wa injin busar da kaya na Hamilton tagar gilashi a ƙofa. A 1954 mutumin nan ya fito fili ya bayyana dabarar, cewa a cusa wa mai saye sha'awar abin da ya ɗan fi nasa sabunta, tun kafin buƙatar sauyawa ta zo. Wato dai launin nan da ake sha'awa a yau, asalinsa tarko ne na 'yan kasuwa.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku tuna jeren iyayenmu. Daga ƙwarya aka koma tasa, daga tasa aka koma kwanuka masu fenti da furanni, daga nan tangaran, daga nan kuloli. Kowane zamani da abin da in babu shi a ɗakin amarya sai dangin ango su taɓe baki. Uwaye nawa suka ci bashi saboda yayin da bai wuce shekara biyar ba? Kuma kwanukan nan da aka sayar wa 'yan gwangwan a banza, yau in kin ga ɗaya a ɗakin tsohuwa sai ki ji zuciyarki ta motsa. To abin da ke damun Turawan nan ke nan. Wadda ta sayi inji ruwan hoda, ƙamshin gidan kakarta take nema. 'Yan kasuwa kuma da suka gane haka sai suka sake ɗana tarkon. Wani kamfanin Italiya mai suna Smeg tun 1997 yake ƙera sabon firji mai fasalin shekarun 1950 da launukansu, da tsadarsa kuwa.

Amma kada mu zalunci masu son tsoho, don suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ita ce ƙarko. Tsohon inji ƙarfe ne mai kauri, an shafe shi da fenti mai ƙarfi irin na kwanukan jere, ba ya saurin tsatsa. Cikinsa ba wani abin ɓoye, mota ce da bel da giya da ɗan agogon da ke juya shi daga wanki zuwa ɗauraya. In ya lalace, mai gyara zai kwance ya ga abin da ya ci, ya sauya. Tun daga 1967 kamfanin Maytag ya shekara da shekaru yana talla da wani mai gyara da ke zaune shiru cikin kaɗaici, wai ba wanda ke kiransa don injin ba ya lalacewa. Kamfanin nan dai Whirlpool ya saye shi a 2006, aka rufe masana'antar Newton a 2007, amma injunan da suka fito daga cikinta da dama suna nan suna aiki. Na zamani kuwa, da yawansu wani ɗan allon kwamfuta ne ke sarrafa komai. In ya ƙone, sau da yawa kuɗin sabonsa da na aiki sai ya tasam ma kuɗin injin. Abin ya dami mutane har Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki a 2021, cewa dole masu ƙera injin wanki su tanadi kayan gyaransa na tsawon shekara 10. A wannan shekarar kuma Faransa ta wajabta a riƙa manna wa injin maki, daga ƙasa zuwa 10, mai nuna sauƙin gyaransa ko wahalarsa, don mai saye ya gani tun a kanti.

Ni kaina ganau ce ba jiyau ba. Shekarun baya na ɗauki adashi, na tafi kanti da niyyar sayen ɗan madaidaicin inji. Ina shiga na hango wani ruwan azurfa, yana ta ƙyalli, ga fitilu, har kiɗa yake yi in ya gama. Nan take na mance da abin da ya kawo ni, na cika kuɗi na ɗauko. Wata bakwai muka yi da shi. Ranar nan aka kawo wuta da ƙarfi, na ji ɗan ƙauri, shi ke nan. Masu gyara uku suka duba, kowa ya ce allon ne ya ƙone, kuma ba a samun irinsa a gari. Yau in kin zo gidana za ki gan shi a lungu, an rufa masa ƙyalle, kwandon albasa ne a kansa. Maƙwabciyata kuwa da ta sayi mai tukunya biyu na roba, wanda na raina, har yanzu da shi take wanki, sau ɗaya aka sauya masa bel.

To amma fa, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tsohon inji shi ma yana da nasa aibin, wanda hoto ba ya nunawa. Na farko, haɗari. Abin matsin nan ya ci hannun yara da yatsun mata ba adadi, yakan kama gashi ko bakin hannun riga ya ja. Sai daga baya aka sa masa wani ƙarfe da ake bugawa ya saki. Mai shan fetur ɗin kuma hayaƙinsa irin na janareta ne, mai kisa a rufaffen ɗaki, shi ya sa ake zura masa dogon bututu zuwa waje. Injin busar da kaya kuwa, in aka bar burbushin zare ya taru a matacinsa da bututunsa, gobara yake tayarwa, kuma har yau hakan na faruwa a can. Na biyu, shan ruwa. Tsohon inji mai yin komai da kansa yakan sha kusan lita 150 a wanki ɗaya, wato jarka shida 'yan lita 25. Ke da ke sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, yi lissafi da kanki. Na zamani mai ƙofa a gaba bai kai rabin haka ba. Na uku, waɗanda muke gani sun kai yau, ai zaɓaɓɓu ne. Dubbai sun ruɓe a bola tun tuni, ba wanda ya ɗauki hotonsu. Kuma a zamaninsu tsada gare su, iyali da yawa da biyan kaɗan-kaɗan suka mallake su.

Akwai kuma tambayar da ta fi duk waɗannan, wai shin injin ya hutar da mace kuwa? Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Hans Rosling, ya ba da labari a wata lacca a 2010, cewa yana ɗan shekara huɗu aka kawo injin wanki gidansu. Kakarsa, wadda ta ƙare rayuwarta tana wankin hannu, ta jawo kujera ta zauna tana kallon injin har ya gama. Mahaifiyarsa kuma lokacin da ta samu sai ta riƙa kai shi ɗakin karatu suna aro littattafai. Ya ce a lissafinsa na lokacin, cikin mutum biliyan 7 na duniya, kusan biliyan 2 ne kawai ake yi wa wanki da inji. Amma wata malamar tarihi Ba'amurkiya, Ruth Schwartz Cowan, a littafinta na 1983 ta nuna ɗaya gefen. Da inji ya shigo, sai aka sallami mai wankau, aka daina kai kaya gidajen wanki, yara da maigida suka janye hannu, kowa kuma ya soma sauya kaya kullum tun da ai akwai inji. Wankin da ake yi sau ɗaya a mako ya koma na kowace rana, kuma duk a kan uwargida ita kaɗai. Ciwon bayan ya ragu, amma awoyin aikin gida ba su ragu yadda aka zata ba. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Inji yana ba ki lokaci, amma in ba ki tsare lokacin nan ba, sai wankin hula ya kai ki dare.

Yanzu bari mu dawo gida. Ke da ke shirin saye, ko uwar da ke haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki, ga abin da na tsinta.

Da farko, kafin ki tambayi kala, tambayi mai gyaran unguwarku. Wane iri ne yake iya gyarawa, wane ne kuma ake samun kayansa a kasuwar garinku? Amsarsa ta fi ta mai kanti amfani, don shi mai kanti sayarwa ce a gabansa.

Na biyu, ki dubi ruwanki da wutarki. Mai yin komai da kansa yana son famfo mai ƙarfi da tsayayyiyar wuta. In da bokiti kike ɗiba, mai tukunya biyu ya fi dacewa da ke, ɗaya ta wanki ɗaya ta tsane ruwa. Kada ki raina shi, irinsa ne matan Ingila suka yi yayi tun daga ƙarshen shekarun 1950 har cikin 1970. Da ruwa ɗaya za ki fara da fararen kaya, ki bi da masu launi, ki ƙare da masu dauɗa sosai, kamar dai yadda muka saba a baho. In kuwa kin sayi mai allon kwamfuta, to kada ki haɗa shi da wuta sai da sitabilaiza, kuma ki zare shi daga soket in kin gama. Ni da na sani tun farko, da yanzu albasata na ƙasa.

Na uku, hattara da na hannu da ake shigowa da su daga waje. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. In kika soka na Amurka kai tsaye, nan take zai ƙone. Ko da an sa masa taransifoma mai rage wuta, bugun wutarsu ya bambanta da namu, motar ba za ta yi gudun da aka ƙera ta da shi ba. Ki sa a karanta miki ɗan rubutun da ke bayan injin, a kuma gwada shi da ruwa a gabanki kafin ki biya. Araha ba ta ado.

Na huɗu, injin busar da kaya. Su sanyi da ƙanƙara suka sa su ƙirƙiro shi. Irin na Amurka yana jan wuta kusan wat 5,000, ƙaramin janaretan nan namu kuwa bai kai 1,000 ba. Abin dariya ma, a can akwai unguwannin da aka hana shanya a waje wai tana ɓata kyan unguwa, har sai da jihohi irin su Florida da Colorado da Vermont suka yi dokar da ta ba mutane 'yancin ɗaura igiya a gidajensu. Mu da Allah ya hore wa rana kyauta, igiya ta ishe mu. Ki dai shanya a kan igiya, ban da ƙasa ko kan ciyawa, ki kuma goge kayan yara da damina, saboda ƙudan nan da ke yin ƙwai a jikin ɗanyen kaya, tsutsarsa ta shiga fata.

Na biyar, yara. Kada a bar yaro kusa da inji yana aiki, kada a zura hannu a tukunyar tsanewa sai ta tsaya cak, kada kuma a bar ruwa a baho ko bokiti a tafi, don ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe. Soket ya kasance a sama, nesa da inda ruwa ke fallatsa.

Abu na ƙarshe, shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai da na sake kallon hotunan nan. Na bar kallon injin, na kalli ɗakin. Matar nan ta ɗauki wurin da take wahala a cikinsa ta mutunta shi. Mu fa? Falo ya sha kujeru da labule saboda baƙon da zai yi rabin awa, amma wurin da muke shafe awoyi a duƙe, lungu ne kusa da makwarara, ga gansakuka, ga rana, ga sauro. Wannan gyaransa ba ya buƙatar dala. Ki roƙi maigida a ɗaga miki ɗan dakali da bulo da siminti, ya kai ƙugu, ki riƙa ɗora baho kina wanki a tsaye, bayanki ya huta. A kafa 'yar rumfa ta kwano ko ta zana. A gyara hanyar ruwa kada ya kwanta. A buga 'yar kanta a sama ta ajiye sabulu da bula inda hannun yaro ba ya kaiwa. In an yi fentin gida ragowar ta saura, a shafa wa bangon, ko ruwan hoda ne ko shuɗi, duk wanda ranki ke so. Wadda kuma ke da mai yi mata wankau, shi ma ɗan Adam ne, a ba shi inuwa, a biya shi hakkinsa a kan kari. Yara maza kuma a koya musu wanke kayansu tun suna ƙanana, ko da inji ko babu.

In Allah ya hore miki injin, awa biyun nan da ya rage miki kada ki bari su zube a banza. Ki duba littafin makarantar yaranki, ko ki koma islamiyya ko ajin yaƙi da jahilci, ko ki kama 'yar sana'arki, ko ma ki miƙe ƙafa ki huta, don hutu ba laifi ba ne.

To 'yan uwa, agogo ya harare mu. Wadda ke da tsohon inji, ko keken ɗinki, ko dutsen guga na gawayi da ta gada kuma har yanzu yana aiki, ta rubuto mana labarinsa, za mu karanta a wannan fili. Wadda muka bari gaban baho kuma, ina fata kin kai ga ɗauraya. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.